Wurina a Bakin Murhu

Bangon tukul ɗinmu na kudu ya zube a daminar bara, da rana tsaka, ina zaune a rumfa ina tsince wake. Ba wata ƙara ya yi ba. Nishi kawai ya yi ya zauna, kamar yadda ni ma nake yi in na dawo daga gaisuwar mutuwa. Tukul muke ce wa ɗakin girki a nan, haka muka tashi muka ji, sai da na girma na san ba Hausa ba ce. Na leƙa, na ga ragayar da muke rataye ƙwaryar nono tana lilo a sarari, rana ta haska bangon ciki da ya yi shekara da shekaru yana shan hayaƙi. Na yi salati, na gode wa Allah da ba kowa a ciki. Amma in faɗi gaskiya, ba bangon ne ya sa gabana ya faɗi ba. Na san duk macen da ta sake gina ɗakin girki da tsayinta za ta auna shi, kuma ba ni ce mai ƙarfi a gidan nan yanzu ba.

Mai ƙarfin ita ce Salwa, matar babban ɗana. Shi yana aiki a Sinja, sai wata ya yi nisa muke ganinsa. Da ya ji labari ya ce mu kwantar da hankali, zai turo magini. Muka jira har ruwa ya ɗauke, muna girki a rumfa, iska na zuba mana ƙasa a miya, kaji na leƙa tukunya. Magini bai zo ba. Tun bayan shekarun tashin hankalin da aka yi a ƙasar nan kowa gyaran gidansa yake yi, mai hannun gini ya zama kamar ango. Wata safiya Salwa ta ajiye mini shayi ta ce, "Inna, mu yi abinmu da kanmu. Ke kin san laka, ni ina da ƙafa." Raina ya yi fari, har na fara lissafa mata inda za mu samo yashi. Sai ta zaro waya ta nuna mini hoton wani ɗakin girki: dogon tebur na siminti iya ƙugu, taga babba, wurin wanke-wanke, ƙasa kuma fayau kamar an share masallaci.

"Ina murhu?" na ce.

"Ga anbuba, tukunyar gas, Inna. Gas ya fi sauƙi, ba hayaƙi."

"To ina mutum zai zauna?"

"Ai ba a zama, a tsaye ake yi." Ta yi dariya, ta dafa mini gwiwa. "Ke kin yi naki, Inna. Yanzu lokacin hutawarki ne."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani. Amma shayin nan bai ƙara shiga bakina ba. Na san wannan magana, na san inda take kai tsohuwa, don ni ma na taɓa faɗa wa wata, a cikin wannan tukul ɗin.

Gwaggo ce, yayar mahaifina. Ita ta ɗauko ni riƙo daga ƙauyenmu na bakin kogin Dindir tun ban fi tsayin turmi ba, kuma ɗanta na aura da na girma, don haka ni ban taɓa canza ɗakin girki ba a rayuwata. A goye a bayan uwarta ta zo ƙasar nan daga Yamma, suna kan hanyar Makka, suka tsaya wai su yi tsinkar auduga ta shekara ɗaya su ƙara guzuri. Har ta rasu ba ta daina cewa "mu da muke bisa hanya" ba. Larabcinta bai wuce na sayen gishiri ba, kuma ba ta ga dalilin ƙarawa ba. A lokacin nan in gari ya waye, abin da kunne zai fara ji lugude ne, gida na amsa wa gida, sai jakai masu zuwa tur'a, magudanar ruwan gonaki, ɗiban ruwa, sai mata suna gaisawa ta kan danga da Hausa zalla, ana tambayar kwanan yaro da na akuya. Yanzu injin niƙa ne ke ta da mu, da wayoyi, jikokina kuwa in na yi musu magana da Hausa su amsa mini da Larabci, wai sun ji, faɗin ne ke musu nauyi. Ban ce zamanin da ya fi ba. Bayana ya san abin da daka ta yi masa. Amma akwai safiyar da nake farkawa in kasa kunne, in rasa abin da nake jira.

Tukul ɗin Gwaggo ƙarami ne, duhu, ba taga sai wata 'yar kafa da hayaƙi ke bi. Ƙasar Jazira ba ta da dutse, ko na jifan kare sai ka nema, don haka duwatsun murhunta uku da hannu ta mulmula su, laka da kashin jaki, wuta ta gasa su har suka yi tauri. Nan take zama a kan bambar, 'yar kujerar igiya, ta tokare tukunya da tafin ƙafa, ta kama muciya da hannu biyu. In tana tuƙa tuwo ba a yi mata magana. Daga ƙarar muciya kaɗai ta san ko gari ya isa. Ni aikina iza wuta, burga miya, jiƙa daddawar batso, da shan ranƙwashi in na bar talge ya kama. A wurinta abinci ɗaya ne a duniya, tuwo, sauran duk lasa ne. Kisra kuwa, wainar dawa mai falle-falle da maƙwabtanmu Larabawa ke ci safe da yamma, ba ta ma yarda a shigo mata da ita ba. "Wagga takarda ta," take cewa. "In malam ya gani sai shi yi rubutu bisa."

Akwai kuma sha'anin makamashi, wanda sai an san shi za a gane abin da ya faru. Nan ba daji, hawasha ce iya ganin ido, gonakin haya na auduga da dawa. In an gama tsinka, dole kowane manomi ya tumɓuke karan audugarsa ya ƙone shi a gona saboda cuta, kuma masu duba gonaki kan bi gidaje su leƙa ko wani ya ɓoye. Ana tsorata mu cewa wanda aka kama zai iya rasa hawasharsa. To amma da me mace za ta yi girki in ruwa ya sauko? Kowace mace a ƙauyen nan tana da maɓoyarta, kowa ya sani, ba mai faɗi. Ta Gwaggo wani rami ne a bayan tukul, mun cika shi dam da kara, muka rufe da tsofaffin tabarmi, muka zuba ƙasa. Ni da ita muka ɗauko shi a ka, dami bayan dami, har wuyana ya ƙage.

Shekarar da abin ya faru ina amarya, kaina yana hayaƙi. Maigidana in ya dawo daga kasuwar Hajj Abdalla sai ya riƙa yabon kisrar da ya ci a can, ba da wata manufa ba, amma ni abin ya tsaya mini. Na shiga zuwa gidan wata Balarabiya a bayan layinmu, Sittana, mace mai haƙuri. Ta koya mini yadda ake barin ƙullu ya yi tsami, yadda ake shafe wuri da ɗan mai, yadda ake jan ƙullun da tsinken kaba sau ɗaya tak, a ɗaga kafin ya ƙone. Na ƙona yatsuna har na daina ƙirgawa. Da ta ga hannuna ya faɗa, ta ba ni tsohon kaskonta na yin kisra, baƙi, mai faɗi, wanda su suke kira doka. Na lulluɓe shi da mayafi na shigo da shi gida kamar kayan sata, na tura ƙarƙashin gado. Niyyata in jira ranar da Gwaggo ke cikin fara'a in gaya mata. Irin wannan rana ba ta cika zuwa ba.

Washegari na tafi tur'a. Ashe wata maƙwabciyarmu Bahaushiya, mai bakin da ba ya riƙe ruwa, ta gan ni da ƙunshin. Ta leƙo ta danga ta ce, "Sannu Gwaggo, ashe doka ta shigo gidanki."

Gwaggo ta tsaya da tsintsiya a hannu. "Yaushe?"

"Tun jiya. Da idona na gani."

Ta juya ta tafi abinta, tana jin daɗin ta kunna wuta. Ba ta san wutar gaske ta kunna ba. Gwaggo doka ɗaya ta sani a duniya, ta hukuma, kuma laifi ɗaya ta san tana da shi. A ranta ta ce an sa wa gidan ido, gobe za a zo a tone ramin, a karɓe wa ɗanta hawasha. Ba ta kira kowa ba. Ita kaɗai, da tsufanta, ta yaye tabarmi, ta jawo kara dami-dami zuwa filin bayan gida, ta sa masa garwashi. Daga bakin tur'a na hango hayaƙi daidai gidanmu. Na yar da garwa na sheƙo a guje, zanina a hannu. Na same ta tsaye, hannu a ƙugu, fuska duk toka, tana kallon makamashin damina guda yana cin wuta.

"Su zo su duba," ta ce mini. "Ko tsinke ba su samu."

Mutane suka taru. Mai bakin nan ma ta zo, ta ji abin da ake ciki, ta kama haɓa ta ce ita fa dokar kisra take nufi, wadda amarya ta shigo da ita. Duk idanu suka dawo kaina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na durƙusa a gaban jama'a na faɗi gaskiya. Sai wani tsoho ya kasa riƙe dariya, daga nan kowa ya ɓarke. Shekaru bayan haka, in mace ta ƙona abinci a ƙauyen nan sai a ce mata ko doka ce ta shigo. Gwaggo kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce in ɗauko ta gani. Na kawo, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta juya bayansa. "Wanga baƙin faifai shi ya cinye min itacen shekara?" Ta miƙo mini ta shige ɗaki.

Daminar nan mun ji jiki. Kashin shanu muka riƙa bi muna tsinta, mu shanya a rumfa, ya ƙi bushewa, mu hura har idanu su kumbura. Kullum ina jiran ranar da za ta sauke mini abin da ke cikinta, don Gwaggo ba ta bashin faɗa. Ba ta sauke ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. In na ga tana hawayen hayaƙi a bakin murhu sai in ji kamar in nutse. Dokar kuwa tana ƙarƙashin gado, ko kallonta ba na son yi, har na yi shawarar in mayar wa Sittana.

Da ruwa ya ɗauke, wata safiya na ji duka a tukul. Na fito na ga Gwaggo da gatari tana sarar bangon kudu. Na ɗauka ranta ne ya ɓaci a ƙarshe. Ta ce, "Tsayuwar mi kike yi? Ɗauko kwando. Abin da anka ɓoye shi ka cin gida. In za ki yi takardarki, ki yi ta gabana." Ta ja layi da ƙafa, taku uku gaba da tsohon bango. Wurin dokata ke nan.

A nan na koyi gini. Baƙar lakar nan tamu mayaudariya ce: da ruwa ta kumbura, da rana ta tsage har ƙafar ɗan akuya ta faɗa. Sai an haɗa ta da yashi da ƙaiƙayi, a taka ta da ƙafa har cinya ta yi rawa, a bar ta ta kwana. Ginin jalus muka yi, ba tubali, hawa ɗaya ake ɗorawa, kamar kamu ɗaya da rabi, a bar shi ya sha rana kafin a ƙara. Ni kuwa ɗoki ya hana ni zama. Ranar da ta tafi suna na ɗora hawa biyu a jere don in burge ta. Kafin ta dawo bangon ya yi ciki ya zame. Ta dube shi, ta dube ni. "Laka ba ta son mai sauri. Ki ba ta kwana, ta ba ki shekara." Muka kwashe muka sake. Da ya kai, muka yaɓe shi da zibala, kashin dabbobi da aka jiƙa ya ruɓa, warinsa ya kori maza daga gidan kwana uku. Bangon da ya zube bara, shi ne wannan. Ya ba mu shekarun da ta yi alkawari har da gyara.

Daga nan wuta biyu ake hurawa a tukul ɗinmu, ita a murhunta, ni a dokata, bayanmu kusan yana taɓa juna. Tana tuƙi ina ja, tana ba ni labarin garuruwan da ita kanta ba ta gani ba sai a bakin uwarta, ina kawo mata gulmar tur'a. A nan na yi goyon 'ya'yana duka. Ban taɓa ganin ta sa kisra a baki ba, amma wadda na rufe da yamma ba ta cika kai safiya yadda na bar ta ba. Ban tambaya ba. In aka ce in zaɓi shekarun da na fi jin daɗin duniya, waɗannan ne, kuma matar da na jawo wa dariyar gari ita ta ba ni su, da gatarinta.

To ga abin da na saka mata da shi. Tsufa ya kama ta, hannu ya fara rawa, tuwo ya fara zuwa da gudaji. Wata rana na ga tana kokawa da muciya, gumi na zuba, sai tausayi ya kama ni. Na kama muciyar na ce, "Gwaggo, ki huta. Kin yi naki." Ta riƙe kaɗan, sannan ta saki. Na matsar mata da bambar bakin ƙofa don ta sha iska. Bayan wata biyu ya koma rumfa, daga nan ta daina fitowa daga ɗaki. Ina kai mata abinci a tire, da ruwan wanke hannu, mutane suna sa mini albarka, ni ma ina jin na yi abin kirki. In na shiga sai ta tambaye ni da me na yi miya, ko na sa kanwa, in amsa a gaggauce don tukunya na jirana. Damina biyu ta ƙara. Shekaru kusan talatin ban ga laifina ba, sai ranar da Salwa ta dafa mini gwiwa.

Shi ya sa da muka fara aikin na zama abin da na zama. Salwa na taka laka, ni ina kan kujera ina ba da umarni kamar mai duba gonaki. Yashi ya yi yawa. Ƙaiƙayi bai isa ba. Wa ya ce ki ɗora yau? Takan ce, "Ma'alesh, Inna, yi haƙuri," ta kwashe ta sake. Yarinyar nan akwai ƙashi, ban taɓa gaya mata ba. Hannunta ya yi kanta, farcenta ya karye, ga yara, ga girki a rumfa, amma kullum da hantsi tana cikin laka har gwiwa tana waƙar Larabci. Ita ta kafa katako ta zuba teburinta na siminti, wanta yana gaya mata yadda ake yi ta waya. Ita ta fasa taga a bangon arewa, ina ta mita cewa ƙura za ta shigo. Da haske ya shiga na ga kusurwoyin da ban taɓa gani ba tun ina yarinya. Ya yi kyau. Na ce mata ba laifi.

Amma na kafe a kan abu ɗaya: kusurwar gabas tawa ce, kuma a ƙasa murhuna zai zauna, yadda yake tun fil azal. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce ban tambaye ta ba. Da hannuna na mulmula duwatsu uku, na shanya, na jera. Ranar da aka fara girki a sabon tukul na ce kowa ya ba ni wuri, yau za su ci tuwon da ake kira tuwo. Na sauka a kan bambar da ƙyar, gwiwoyi na ƙara. Talge ya yi, na zuba gari, na ɗaga ƙafa zan tokare tukunya, ƙafar ta ƙi zuwa inda na aike ta. Na ce a raina yau sai mun gani. Na danna muciya da ƙarfi, tukunya ta goce daga kan duwatsu ta kife. Tuwon ya malale a sabon daɓe, wani ya zubo mini a ƙafa. Na yunƙura in tashi, na kasa. Na sake yunƙurawa, na kasa. Haka na zauna a ƙasa kamar buhun da aka jingine, har Salwa ta shigo ta sa hannu a hammatata ta ɗaga ni. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta ce, da na samu abin faɗa.

Ƙunar ba ta da yawa, kunyar ce ta kwantar da ni. Na shige ɗaki na ce ƙafa ce. Da yamma sai ga tire, da ruwan wanke hannu. Na dube shi na ce, to, ga shi ya zo. Abin da ka shuka shi za ka girba. Na ji bakina yana tambayar Salwa da me ta yi miya, sai na yi sauri na rufe shi. Kwanakin nan na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuma rabin kukan ba nawa ba ne, na Gwaggo ne.

A kwana na uku na ji ana taka laka a tsakar gida. Na ce ko daɓen da na ɓata take gyarawa. Washegari shiru. Rana ta gaba kuma na sake jin takun. Haka aka yi ta yi, rana ɗaya aiki, rana ɗaya shiru, har na gane wani abu ake ɗorawa hawa-hawa. Girman kai ya hana ni leƙawa, ita kuma sai dai ta shigo da tire, ƙafafunta da sauran laka, ta duba ƙunar ta fita.

Bayan kamar kwana goma ta tsaya a bakin ƙofata, bayan azahar, hannu wofi.

"Inna, anbuba ta ƙare. Na aika wurin mai gas, ya ce babu. Yara za su dawo da yunwa, ni kuma wutar kara ba ta jin maganata. Ko za ki taimake ni?"

Na yi ɗan jan aji, na ce mutum ba ya hutawa a gidan nan. Na ɗauki sanda na bi ta.

A kusurwar gabas duwatsuna ba sa nan. Wani dakali ne na laka a wurin, iya gwiwa, an yaɓe shi sumul. A samansa rami, tukunyar tuwona ta nutse a ciki har wuya, ko an tura ta ba inda za ta. Bakin wuta a gefe, inda hannu zai kai ba sai an sunkuya ba. Kusa da shi wurin zama, tsayin gadona daidai, da tabarma a kai, bango a baya don jingina. A jikin bangon kuma ta kafa wani guntun itace mai kauri, daidai inda mai tashi zai kai hannu. Na tsaya ina kallo. Na nemi abin da zan kushe, wallahi na nema.

"Bakin wutar ya yi ƙanƙanta," na ce.

"Sai ki nuna mini in gyara," ta ce.

Bai yi ƙanƙanta ba. Na zauna, na hura wuta, ta kama tun bugun farko. Na yi talge, na zuba gari, na kama muciya da hannu biyu. Tukunya ta tsaya cak. Na ji ƙarar nan da na sani tun ina iza wa Gwaggo wuta, ƙarar tuwo in ya fara haɗe kansa, na tuƙa har kafaɗuna suka yi zafi, ban bari kowa ya karɓa ba, ba kuma wanda ya ce zai karɓa. Salwa na tsaye a teburinta tana yanka albasa, tana ba ni labarin wata da aka kai asibiti, rabi Hausa rabi Larabci, ina gyara mata Hausar tana dariya. Na kwashe malmala bakwai. Akwai gudaji biyu-uku, na tura su ƙasan kwanona.

Da na gama na kama itacen nan na miƙe da kaina. Zan fita, sandata ta zame, na kai hannu na dafa anbubar da ke gindin tebur. Ko motsi ba ta yi ba. Na sha ɗaga wadda ta ƙare, yaro ma yana iya mirgina ta da ƙafa. Wannan cike take.

Na dubi Salwa. Ta duƙufa a kan kwanuka tana zuba miya, kamar duk duniya ba abin da ya fi wannan wuya. Ni da aka fasa wa bango don a ba ni wuri, na ɗauki sama da shekara talatin ban gane abin da aka yi mini ba. Ita da ba wanda ya koya mata, kwana goma suka ishe ta. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da mata biyu da suka fi ni, ɗaya a gabana, ɗaya a bayana, na roƙa wa ta farkon rahama, na roƙe ta gafara a zuciyata.

"Inna," in ji Salwa, ba ta ɗago ba, "mai gas ya ce wataƙila sai wani makon."

"Allah ya kawo shi lafiya," na ce. "Ki ce masa kada ya wahalar da kansa. Ki jiƙa mini dawa, gobe da wuri zan ɗora."